Takardar da Ba a Karanta wa Aku Ba

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Aku da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Maganin da na ba direban motar magani ya kawo miki na shafawa ne safe da yamma, ba sai ranar da kika tuna ba. Ni lafiya lau, aikin ɗakin haihuwa ne dai ba ya ƙarewa.

Na kira ki ranar Talata kika ce kina taron malamai, kika kashe waya tun ban gama gaisuwa ba. To ga shi a rubuce, tunda ke rubutu kika fi girmamawa.

Kin san mai gwajin jinin nan na asibitinmu, ɗan cocinmu, wanda ɗansa yake aji biyar tare da Aku a makarantarki. Shekaranjiya muna cin abinci ya zaro takarda daga aljihu, bakinsa har kunne, wai in ga yadda yaronsa ya iya wasiƙa. Layi biyu na karanta cokali ya tsaya mini a hannu. Na san wasiƙar nan. Tana cikin jakata, cikin ledar da nake tara wasiƙun Aku. Na fito da tawa muka jera su a kan tebur. Kalma da kalma, Yaya. "Ina biyayya ga malamaina. Ina taimakawa da aikin gida. Ina kula da ƙannena." Waɗanne ƙanne? Aku ita kaɗai na haifa. Ranar da ta zo mini na ce a raina ƙila yaran maƙwabta take nufi, har na ji daɗi wai 'yata tana da zuciyar kirki. Ashe allo ne mai zuciyar kirki.

Washegari ya kawo sauran nasa, ni ma na kawo nawa. Goma sha ɗaya, duk iri ɗaya. Shekara biyu da rabi ina nuna wa abokan aiki takardun nan, in na gaji in zauna a bayan ɗakin awo in sake karanta su don in ji muryar 'yata. Ashe muryar malamarsu nake ji, matar da ko fuskarta ban riƙe ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba, domin yanzu ina ta tuna abubuwa. Hutun da na zo, ina wanki hannuna duk kumfa, na ce ta karanta mini abin da ke jikin kwalbar maganin tarinki, cokali nawa ne. Ta ce idonta yana mata ciwo. Minti biyar ba a yi ba na hango ta tana zura zare a allura. A tasha na ce ta duba mini rubutun jikin mota, ta ce fitsari take ji. Ni uwar banza ban kawo komai a raina ba.

Zan tambaye ki kai tsaye. Aku ta iya karatu?

Ga ƙaramin ambulan na saka a ciki, na manne shi, na rubuta sunanta. Kada ki buɗe, kada ki karanta mata, kada wani ya karanta mata. Ki ba ta a hannu ki zauna ki zuba ido. Akwai abin da na ce ta yi a ciki. In ta tashi ta yi shi, zan ba ki haƙuri a rubuce, in kina so har a gaban Fasto.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, na gode da magani. Aku tana nan lafiya, ta ƙara tsawo, rigar makarantar da kika ɗinka mata ta ɗage.

Na karanta takardarki sau biyu, na ajiye ta kwana uku kafin in ɗauki biro, domin da a ranar na ba ki amsa da kin ji abin da ba ki so.

Wasiƙar ƙarshen wata darasi ce. Malama tana rubuta misali a allo, yara su kwafa, su koyi inda ake sa gaisuwa da inda ake sa hannu. Haka Baba ya koyar da mu lokacin da makarantar nan ɗaki ɗaya ce a bayan coci, benci uku da rabin allo. Ke ma haka kika koya, ga shi yau kina rubuta mini shafi biyu na rashin kunya. In misalin bai dace da kowane yaro ba, zan yi wa malamar magana. Wannan kuwa gyara ne na minti biyu, ba abin tara takardu a teburin cin abinci a gaban bare ba.

Amma ki tambaye ni ko Aku ta iya karatu? Haba Auta. Yarinyar da take hawa gaban coci Lahadi biyu a wata, ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta karanta rabin sura ba tuntuɓe, har tsofaffi suna share hawaye? Makon jiya matar Fasto ta riƙe hannuna ta ce da duk yaranmu haka suke da an huta. Ita ce ta biyu a jarabawar zangon da ya wuce. Rubutunta kuwa kamar na inji, ki duba takardun da ke cikin ledar taki.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da makarantar nan. Yara ɗari da arba'in, malamai shida, rufin aji uku yana yoyo, ni ce mai buɗe ƙofa ni ce mai rufewa. Ba mu da abin da manyan makarantu suke da shi, amma yaranmu ba sa zagi, ba sa sata, suna gaida manya, kowannensu ya san ayarsa ta mako. Hukuma ta zo bara ta duba, ta buɗe kabad ta ga littattafanmu sababbi fil, ta sa hannu ta tafi.

Ke kuma sau biyu kike zuwa a shekara, ki kwana huɗu, biyu a ciki barci kike yi. Ba gori nake miki ba. Na san tun rasuwar babanta ba ki da zaɓi, ni na ce ki tafi ki bar mini ita. Amma ni ce nake mata kitso, ni ce na kwana uku a kanta lokacin baƙon dauro. Ba za ki zauna can ki aiko mini da jarabawa a ambulan ba kamar wata sabuwar malama da ake gwadawa.

Ambulan ɗin yana cikin aljihun teburina, ban buɗe ba, ban kuma ba ta ba. Ba zan sa yarinya ta ji uwarta tana zarginta ba. Maganar makaranta ki bar mini ita.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi ƙafa ta yi sauƙi. Ga yadi nan na ba direba, a ɗinka mata wata rigar, a bar tsawo.

Duk abin da kika lissafa na gani, amma ba ki amsa tambayata ba. Na tambayi karatu kin ba ni labarin rufi. Na san ba ta zagi, na san ba ta sata. Ni ma ban ce ki mayar mini da ita ɓarauniya ba. Cewa na yi, in an ba ta takardar da ba ta taɓa ji ba, za ta iya?

Kin manta dalilin da ya sa Baba ya sa mata Aku? Tana shekara biyu take maimaita addu'ar cin abinci da muryarsa, har da tarin da yake yi a tsakiya. Yarinyar da ta ji tallan rediyo sau ɗaya ta riƙe, rabin sura ne zai gagare ta? Kuma littattafan nan sababbi fil da kike alfahari da su, shekara nawa suka yi a kabad? Na tuna ranar da aka kawo su, Aku tana aji biyu. Littafin da yara ɗari da arba'in suke karantawa ba ya zama sabo, Yaya. In har yanzu sababbi ne, to kunya ya kamata ki ji.

Batun barcina kuwa na gode. Wannan barcin na kwana biyu shi ne wanda ban yi ba a wata shida.

Saura zango biyu ta shiga aji shida, daga nan jarabawar sakandare, inda ba malamar da za ta rubuta mata amsa a allo mako guda kafin ranar. Kada ki ce ba a yi, ɗan mai gwajin jini ya faɗa wa ubansa da bakinsa, shi bai ma san laifi ba ne. Ranar nan ita kaɗai za ta zauna da takarda. Ba ke, ba ni, ba matar Fasto.

Kin ce in bar miki maganar makaranta. Makarantar taki ce, na bar miki. Aku tawa ce. Na ba ki mako biyu ki ba ta ambulan ɗin nan ki rubuto mini abin da kika gani. In ban ji daga gare ki ba, zan rubuta wa Fasto da kwamitin makaranta, kuma kin san ni, zan yi.

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru, ko da yake na san lafiya ce, domin matar mai gwajin jini ta gan ki a coci Lahadin nan kina raba takardun waƙa.

Mako uku ke nan. Na ce biyu, na ƙara miki ɗaya saboda ke ce babba. Motar magani ta zo sau biyu, wani sabon direba ne, na tare shi a bakin ƙofa ya ce ba a ba shi komai ba. Na kira ki sau bakwai, ina jin tana shiga, ba ki ɗauka. Tun muna yara haka kike yi. In aka kama ki da gaskiya sai ki ɗaure fuska ki yi shiru har mutum ya gaji ya ba ki haƙuri. Na gaji, amma wannan karon ba haƙuri zan bayar ba.

Jiya na aika wa Fasto takarda ta hannun matar mai gwajin jini, shafi uku, da kwafin wasiƙun yaran biyu. Na faɗi maganar allo, na faɗi maganar kabad, na faɗi yadda ake jarabawa. Na kuma rubuta cewa shugabar makaranta ta sani, an gaya mata a rubuce, ta zaɓi ta rufe don kare sunanta. Ina gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ƙarshen zango zan zo in ɗauki Aku. Na yi magana da wata makaranta a bayan asibiti, sun ce sai sun gwada ta, ƙila su mayar da ita aji uku. Su mayar. Ki haɗa mata kayanta, har da takardar haihuwa.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Lafiyar jiki muna da ita. Yadi ya iso. Takardarki mai wa'adin mako biyu ta zo ranar Laraba, yau Asabar, ina rubuta wannan in ba direba kafin ya juya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na ji haushinki sosai, musamman maganar kabad. Da haushin na ɗauko ambulan ɗin ranar Alhamis bayan an tashi, na kira Aku ofis, niyyata ta karanta in aiko miki da amsar da za ta rufe miki baki. Na ce ga saƙo daga Mama.

Ta buɗe a hankali. Ta gyara tsayuwa, ta riƙe takardar da hannu biyu yadda take yi a coci, ta yi gyaran murya. Ta fara: "Aku 'yata, ina fata kina lafiya. Ki gaida Innarki. Ki riƙa sa rigar sanyi da safe." Murya tar, yatsa yana bin layi. Har na fara murmushi. Sai na ji maganar rigar sanyi, na tuna wannan wasiƙarki ce ta wata huɗu da suka wuce, wadda na karanta mata a kicin. Na miƙa hannu na karɓi takardar. Layi biyu ne kawai a ciki. Kin ce in ta karanta, ta je ta ɗauko jan kofin nan naki a saman kabad ɗin kicin ta ba ni ruwa in sha.

Na mayar mata, na sa yatsa a kan kalmar farko na ce, wannan fa? Ta dube ni, ba tsoro ba kunya, ta ce, "Inna, ai ba ki karanta mini ba tukuna. Ki karanta sau ɗaya, sai in karanta." Na ce, in ban karanta ba fa? Ta ce, "To ta yaya zan san abin da ke ciki?"

Auta, ba ƙarya take yi ba. Ita a wurinta karatu ke nan. Babba ya faɗa, yaro ya riƙe, ya maimaita yana kallon takarda. Ta san sunayen baƙaƙe, tana zana su da kyau, amma ba ta san suna haɗuwa su yi magana ba. Ranar kwalbar magani ma ba wayo ta yi miki ba, ta ce ta ga kin ba ta abin da ba a koya mata ba, ta ji tsoron ki yi fushi. Ni kuwa duk Asabar ina guga ina karanta mata abin da za ta karanta ranar Lahadi, sau biyu, wai shiri muke yi. Da hannuna na yi wannan, shekara uku.

Jiya Jumma'a na buɗe kabad. Makullin har ya yi tsatsa. Na ɗauko littafin aji biyu, na kira 'yan aji biyar ɗaya bayan ɗaya. Su ashirin da bakwai ne. Shida suka karanta, kuma duk shidan a gida aka koya musu. Malamar ajin tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka, ta ce, "Shugaba, yadda kika koya mini haka na koyar." Gaskiya ta faɗa, ɗalibata ce. Baba ma a allo yake rubutawa, amma shi yana zagayawa benci-benci ya sa yatsa ya ce, wannan fa? Da yara suka yi yawa muka riƙe allon muka yar da yatsan, ban ma san ranar da muka yar ba.

Kin yi gaskiya. Ina jin haushinki har yanzu, amma haushin kaina ya fi, ko abinci ba ya shiga.

Ga roƙona. Kada ki rubuta wa Fasto tukuna. Kin san kwamitin nan, rabinsu neman wanda za su ɗora wa laifi za su yi, ba gyara ba. Ki ba ni wata ɗaya in gwada kowane aji, in raba littattafan, in tsara yadda za a mayar da awa biyun farko na kowace rana karatu zalla. Sai in je gabansu da kaina, da laifina a hannu ɗaya da magani a ɗaya. Na riga na fara da Aku. Ambulan ɗinki na ce ta ajiye, ba wanda zai karanta mata, ranar da ta iya za mu sani.

Kada ki kira ni a waya kan wannan. Ba zan iya faɗinsa da baki ba. Ki rubuto.

Yayarki

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fata kina lafiya.

Yau da safe tsohon direba ya dawo aiki. Ashe motarsa ce ta lalace a hanya ranar da kika ba shi takarda, aka ja ta gareji, shi kuma ya tafi jinyar mahaifiyarsa. Takardarki tana cikin aljihun gaban mota mako biyar, tare da tsumma da fitila. Ya miƙo mini yana dariya wai tsohon saƙo. Na karanta a tsaye a bakin ɗakin magani.

Na kira Fasto nan take. Ya ce ai an riga an zauna. Bai ƙara komai ba, sai cewa ya yi Ubangiji ya ba mu salama a gidanmu. Na kira ki sau huɗu.

Yaya, da na ga wannan takardar da ban rubuta ba. Da kin ɗauki waya sau ɗaya, sau ɗaya tak, kin ce Auta na aiko, ki jira. Kalma biyar. Wannan girman kan naki shi ya kai mu nan, da nawa gaggawar. Abin da na faɗa kan allo da kabad ba zan janye ba, gaskiya ne, ke ma kin faɗa. Amma layin da na ce kin rufe don kare sunanki, wannan zalunci ne, kuma da gangan na sa shi don ya yi miki zafi. Ki yafe mini.

Me aka yanke? Zan rubuta musu wata, zan aika musu da kwafin taki su ga ranar da kika rubuta. Ki gaya mini abin da zan yi.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafa ta tashi kuma, maganin ya ƙare.

Kin tambayi abin da aka yanke, to ki ji. Ba zaman kwamiti kawai aka yi ba. An kira iyaye bayan sujada, a ajin nan mai yoyo, manya a kan bencin yara gwiwa har ƙirji. Fasto ya so ya taƙaita, dattijon nan mai shagon katako ya ce a'a, a karanta duka. Aka karanta shafi ukunki da ƙarfi. Kin iya rubutu, Auta, makarantar Baba ba ta cuce ki ba. Har layin nan naki ba a tsallake ba.

Na tashi da takardun gwajin da na yi, na azuzuwa shida duka, da tsarin da na rubuta. Mai katako ya ce tambaya ɗaya ce. Kafin takardar nan ta iso, kin sani ko ba ki sani ba? Na ce na sani. Ya ce tun yaushe? Na ce mako uku. Ya ce kin gaya wa kwamiti? Na ce a'a. Ya ce ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ce ta rubuta, ba maƙiyi ba, me kuma ake jira? Ba wanda ya buɗe tsarin nawa. Yana nan cikin jakata yadda na kai shi.

An ce in huta. Shekara ashirin da biyu, kalmar da suka samo ke nan. Surukin mai katako aka ba riƙo. A taronsa na farko ya gaya wa malamai matsalar rashin horo ce, ya ƙara ayar mako ta zama biyu, ya sayo bulala. Littattafan da na raba ya sa an tattara an mayar kabad, wai yara sun fara naɗe musu kunne. Makullin yana aljihunsa. An daina wasiƙar ƙarshen wata, wannan kam kin samu. Yara ashirin da ɗaya na aji biyar suna nan yadda suke, suna rera abin da aka rera musu. Kin cire mai laifi, na yarda ni ce. Amma ni kaɗai ce a ginin nan na san girman ciwon, kuma ni aka fitar.

Kada ki sake rubuta musu. Kada ki aika da takardata, ba don kwamiti na rubuta ta ba. Kin yi rubutu ya isa.

Wayarki na gani duk sau bakwai ɗin. Na ɗauka kin karanta ne kina so ki ji ni ina faɗi da bakina. Ban ɗauka ba, wannan nawa ne, zan riƙe. Haƙurin da kika bayar ma na gani. Ni Kirista ce, na san abin da aka umarce ni, zan kai wurin. Ban kai ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na kai ba.

Yanzu ƙarfe huɗu nake shimfiɗa tabarma a baranda. Na gaya wa iyaye ashirin da ɗaya, tara suka turo, sauran sun ce ba za su kai yaro wurin wadda aka sauke ba. Ba ni da littafi ko ɗaya. Da kwalin sabulu muke yi, da gwangwanin madara, da takardun cikin kwalin magungunan da kike aikowa. Ina bin su ɗaya-ɗaya ina sa yatsa. Ɗan mai gwajin jini ya karanta "a girgiza kafin a sha" ranar Talata, ya tashi yana tsalle har ya zubar mini da ruwa. Aku ta fi kowa wahala, domin kunnenta yana riga idonta, dole in hana kowa furta kalma kusa da ita. Ta yi kuka, ta ce na daina sonta. A coci kuma an daina ba ta karatun Lahadi, a makaranta yara suna nuna ta.

'Yarki ce. Kayanta suna cikin akwati, takardar haihuwa tana sama. Ki zo ƙarshen zango kamar yadda kika ce.

Ga wata takarda ta ba ni in saka. Kwana huɗu tana rubuta ta a bayan ƙofa, ta cinye rabin magogi. Ita ta manne ambulan ɗin da kanta. Ban karanta ba.

Yayarki

*

Mama,

Ni ce Aku. Ni na rubuta. Ba allo. Inna ba ta gani ba.

Na karanta takardarki. Na ɗauko jan kofi. Na ba Inna ruwa. Ta sha. Ta shiga ɗaki ta rufe.

Ba ni da ƙanne.

Yara sun ce ke kika sa aka cire Inna. Gaskiya ne?

Kada ki zo ki ɗauke ni. Ban gama ba.

Aku

*

Aku,

Na gani. Na karanta sau goma.

I, gaskiya ne. Ni ce. Na yi fushi, ban jira ba. Na faɗi abu ɗaya da ba haka yake ba. Laifina ne.

Ba zan ɗauke ki ba. Ki fitar da kaya daga akwati. Ki zauna da Inna ki gama.

Ga kwali na ba direba. Akwai maganin ƙafa. Akwai littafi goma. Ku buɗe su, ku naɗe musu kunne.

Zan zo ranar Asabar. Zan zauna a tabarma. In Inna ba ta yi mini magana ba, ba komai, zan sake zuwa.

Wannan takarda taki ce. Amma Inna ba ta ɗaukar wayata. In kin yarda, ki je ki karanta mata.

Mama